Ranar da Goggo Ɗaso Ta Fita Daga Makka

Duk Bahaushiyar da ta haihu a unguwarmu ta Mansur da ke Makka, da wuya a ce hannun Goggo Ɗaso bai taɓa bayanta ba. Wankan jego ne sana'arta. Da safe za ki ga 'yar gajeruwar tsohuwa tana hawo tudun layinmu, damin ganyen darbejiya a hammata, bokiti a hannu, tana tafe tana amsa gaisuwa dama da hagu. Ita za ta tafasa ruwan, ita za ta fyaɗa miki ganye har ki kira sunan uwarki, sannan ta dama kunun kanwa ta tsaya a kanki sai kin shanye. Ni Hafsa, haihuwata uku, duka a hannunta na yi arba'in. Ɗakinta na jikin namu, bango ɗaya ne ya raba mu.

Ba 'yar'uwarmu ba ce ta jini. Mu iyayenmu ta Sudan suka biyo, a nan aka haife ni, muna da iƙama, takardar zama, ni da maigidana Wada da yara. Ita kuwa daga wani ƙauye ta taso a ƙasar Gumel, ta zo aikin Hajji da mijinta. Mijin ya rasu a Mina. Ba ta da ɗa, ba ta da jika, ta ce to me za ta koma ta tarar? Ta zauna. Shekara talatin da ɗoriya ba ta da ko ƙyallen takarda, kuma a duk shekarun nan ba ta taɓa ƙetare shingen binciken da ke bakin gari ba. Burinta ɗaya ne a duniya, kuma ba ta ɓoye shi: ta mutu a Makka, a yi mata salla a Harami, a binne ta a ƙasar da mijinta yake. Likkafaninta ma tun tuni ta saya, ta wanke da zamzam, ta ninke a jakar leda a ƙarƙashin filo.

Sai kuma maganar sallama. Wayyo, yaran layinmu sun sha kunne a kan wannan! In wani ya yi sallama a taro kowa ya yi gum, Goggo sai ta fara amsawa da ƙarfi, sannan ta juyo kanku.

"Mutum ya roƙa muku aminci kun bar shi a tsaye? Da ɗaya ya amsa ya ɗauke wa kowa. Da babu wanda ya amsa, dukanku kun kwashi zunubi, har da ni da nake zaune!"

Ko tana cin abinci, ko tana tsakiyar faɗa da mai gas, sai ta amsa. Na sha yi mata tsiya, na ce Goggo ko a kabari aka yi miki sallama sai kin ɗago. Ta ce in Allah ya ba ta iko, me zai hana.

Shi kuma Wada bakanike ne, garejinsa na unguwar Zahir, kuma mutum ne da in ya ƙwallafa rai a kan abu sai ya ga bayansa. Wata shekara bayan Hajji ya ga wata tsohuwar kosta ta ɗaukar alhazai an yar da ita a filin motoci wajen Muzdalifa, ya sayo ta a matsayin ƙarfe. Ya cire kujeru, ya kafa gado a baya, ya sa risho da tankin ruwa da ɗan banɗaki, ya rataya labule tsakanin wurin direba da ciki. Ya ce sunanta karafan, irin motar nan mai ɗaki da Larabawa ke fita daji da ita. Na ce masa wannan ko ka shafe ta da zinariya motar alhazai ce. Ya yi mata farin fenti, amma in rana ta haska sai ki ga koren layin da tsohuwar lambarta suna leƙowa ta ƙasa. Mukan fita da ita ranar hutu mu yi shimfiɗa a bayan gari, mu gasa nama, Goggo takan bi mu tunda ba a kaiwa shinge.

Abin ya faro ne daga Ikhlas, babbar 'yata, wadda ke aure a Jidda. An shirya za ta dawo gida ta haihu kamar kowa, sai naƙuda ta zo mata wata guda kafin lokaci. Jaririn ɗan mitsitsi, likita ya ce kada a yi tafiya da shi. Mijinta Mahadi uwarsa ta rasu, babu wata babba a gidan. Na je na yi kwanaki, na yi iya yina, amma ni da ciwon baya ina ni ina ɗaga bokiti. Da na dawo Ikhlas ta kira ta bidiyo, tana ganin fuskar Goggo ta fashe da kuka. Goggo ta ƙura wa wayar ido, ta ga ƙafar yarinyar a kumbure.

"Wa ke yi mata wanka?"

Na ce tana shiga banɗaki ta sakar wa kanta ruwan famfo.

"Ruwan famfo! Yarinyar da na wanke ranar da ta faɗo duniya?"

A lokacin hutun ƙaramar salla bai ƙare ba, Wada kuwa dama ya daɗe yana son ya kai karafan bakin teku a Shu'aiba. Ya ce ga dama ta samu, mu yi zango a can, mu shiga Jidda wuni ɗaya Goggo ta yi abin da za ta yi, mu dawo. Na ce ka haukace ne? Ya ce fita babu mai tambaya, dawowa kuma motar iyali da mata a ciki hannu kawai ake ɗaga mata, matsin lokacin Hajji da sauran makonni. Na juya wajen Goggo ina jiran ta ce a'a. Ta riga ta tashi tana ɗaure damin darbejiya.

Haka muka fita, ni da Wada a gaba, ita da 'yammatana biyu, Suhaila da Samah, a baya. Da muka wuce shinge ta ɓangaren masu fita, na ɗaga labule na leƙa ta. Ta juya baya gaba ɗaya tana kallon duwatsun Makka ta gilashin baya, bakinta na motsi.

A Shu'aiba Wada ya faka nesa kaɗan da ruwa, ya ja rumfa daga jikin mota, ya hura gawayi. 'Yammatan suka zubar da takalma suka ruga. Goggo ba ta taɓa ganin teku a kusa ba, ta tako a hankali ta tsoma yatsa ta lasa, ta tofar.

"Wannan duk asarar ruwa ce, ko kunu ba ya damawa."

Amma ta zauna a kan yashi har magariba tana kallonsa, ta tattare zane ta bar kumfa na lasar ƙafarta. Ta ci kifin da Wada ya gasa ta ce gishiri ya yi yawa, ta ƙara yanka biyu. Ni kuwa hankalina na kan hanya. Duk motar da ta gifta ta bakin ruwa sai na bi ta da ido.

Washegari da sassafe muka naɗe rumfa muka shiga Jidda. Wada da ke cika bakin ya san hanya ya hau gadar da ba ita ba, ya sake hawa wata, motoci na danna mana hon ta ko'ina, karafan na nishi kamar tsohuwar saniya. Goggo ta kama ƙarfen gado tana ta hasbunallahu, tana tambaya wai duk mutanen nan ina za su. Da ƙyar muka sami layin su Ikhlas, motar ta ƙi shiga, muka bar ta a bakin titi muka taka. Wani ɗan sanda na tsaye a kwana yana duba wayarsa. Na sa Goggo a tsakiyarmu, na riƙe hannunta har sai da ta ce zan karya mata yatsu.

Tana shiga gidan ta zama wata daban. Ba ta ko zauna ba. Ta kori Mahadi da Wada waje, ta ɗora tukunya biyu a wuta, ta shige banɗaki da Ikhlas. Muna jiyo fyaɗin ganye da ihun yarinya da faɗan tsohuwa. Da suka fito Ikhlas na tururi, fuskarta ta saki, ta sha kunu kofi biyu ta ɓingire da barci kamar an zare mata ƙaya. Goggo ta ɗauki jaririn, ta gasa masa cibiya, ta miƙe masa hannuwa da ƙafafu, ta tofa masa addu'a. Ta kira maƙwabciyarsu, wata Bazabarmiya, ta nuna mata yadda za ta ci gaba da wankan. Da la'asar Suhaila da Samah suka nace sai an kai su Balad, tsohon gari, suka sayo turare da awarwaro. Goggo ta ƙi sauka daga mota, ta tagar ta kalli gidajen nan masu barandar katako, ta ce sun yi kyau amma ba a jin kiran sallar Harami.

Mun koma zango lafiya, muka kwana. Da hantsi muna haɗa kaya wayar Wada ta yi ƙara. Majid ne, abokin aikinsa na gareji. Ina kallon fuskar Wada tana sauya launi. Ya kashe wayar ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Me ya faru, Baban Ikhlas?"

"An fara binciken Hajji. Bana sun fara da wuri. Majid ya ce tun jiya kowace hanya a tsare take, duk motar da ta yi kama da ta haya sai an buɗe ta."

Na dubi karafan, rana ta haske ta, koren layin nan ya fito raɗau. Wallahi ban san lokacin da na fara zazzaga masa ba. Na ce ai na faɗa, na faɗa tun a gida, kai ne mai sanin komai, to ga shi nan! Goggo ce ta tsawatar mini, ta ce ba a yi wa miji haka gaban 'ya'ya.

Na ce to mafita ɗaya ce, mu mayar da ke gidan Ikhlas ki zauna har a gama Hajji, hanya ta saki. Ta girgiza kai. Gidan na kamfanin da Mahadi ke aiki ne, in aka sami marar takarda a ciki aikinsa ya tafi, ga ɗanyen jego. Sannan Kabira ta ƙasan layinmu cikinta ya tsufa, haihuwar fari, ta yi mata alkawari. Na ce Kabira ta nemi wata. Sai ta faɗi na cikinta.

"Hafsatu, wata biyu fa kike cewa. Kin ga shekaruna. In ta zo mini a Jidda fa? Duk zaman da na yi ya tashi a banza ke nan?"

Wada ya shiga mota ya ɗaga katakon gadon baya. A ƙarƙashi akwai akwatin da muke zuba barguna, tsawonsa ya isa mutum gajere ya kwanta a takure. Ya kwashe bargunan, ya ɗauko abin huda ya ɓula ramuka ta gefe don iska. Goggo ta daɗe tana kallon ramin. Ta ce da Labbaika ta shigo garin nan, yau ga ta za ta koma kamar buhun shinkafar sata. Amma ta yarda.

Kafin mu tashi Wada ya tara mu ya kafa doka. Shi kaɗai zai yi magana. Ya nuna 'yammatan da yatsa, ya maimaita musu da Larabci don ya fi shiga kansu: ko me aka ce, ko wa ya shigo, kada wadda ta buɗe baki, ku sauke niƙabi ku zauna a kan gadon kamar gumaka. Samah har ta fara hawaye.

Mun yi tafiya Goggo na zaune, sai da muka hango jerin motoci daga nesa Wada ya ratse gefe. Ta sha ruwa, ta yi bisimilla, ta shiga ta kwanta a kan gefenta na dama, carbi a hannu. Ni na mayar da katakon da hannuna. Na shimfiɗa katifa, yaran suka hau suka zauna.

Layin ba ya tafiya. Rana ta take, na'urar sanyin motar dama sai a hankali, gumi na bin bayana. Tunanina duk yana cikin akwatin nan. Can na ɗaga labule na ce a hankali, Goggo kina numfashi? Aka ƙwanƙwasa katako sau ɗaya. A gabanmu aka sauke mutanen wata bas gaba ɗaya aka jera su a inuwa. Ƙananan motoci kuwa hannu kawai ake ɗaga musu, kamar yadda Wada ya ce. Da muka iso askarin da ke tsaron shingen ya dubi fuskar Wada, ya dubi jikin motar, ya nuna mana gefe.

Wada ya miƙa iƙamominmu ta taga, yana murmushin da bai kai ciki ba, yana bayanin iyali ne, daga bahar muke, wato bakin teku, ga kujerun zango ma a ɗaure a sama. Askarin, babba ne mai furfura a gemu, yana duba katunan ɗaya bayan ɗaya, yana tambayata sunana ta tagar ɓangaren Wada. Hankalina na kansa. Ban lura wani ya zagaya ta ƙofar gefe ba sai da na ji ta buɗe.

Saurayi ne, daga baya na gan shi, bai fi sa'ar Ikhlas ba, kuma da alama ɗan gidan tarbiyya ne. Da ya ga mata a ciki bai hau ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya sunkuyar da kai.

"Assalamu alaikum, ya ahlal bait."

Shiru. 'Yammatan sun bi dokar ubansu. Ni kuma babban na tambayata ranar haihuwata, ina ba shi amsa, kunnena ɗaya a gaba ɗaya a baya. Yaron ya leƙa, ya ga risho, ya ga tukwane, ya ga yara biyu a kan gado. Daga baya Suhaila ta gaya mini har ya kama ƙofar zai ja. Sai dai shirun ya dame shi, ko ya zaci ba su ji ba ne, ya ɗan ɗaga murya ya sake yi.

"Assalamu alaikum."

A nan na gane abin da zai faru. Na juya, na buɗe baki, na rantse da Allah na buɗe baki, amma an riga ni. Daga ƙarƙashin gado, a shaƙe, amma kowane harafi a fili:

"Wa alaikumus salamu wa rahmatullah."

Yaron ya tsaya da hannu a kan ƙofa, ya dubi 'yammatan, ya dubi katakon da suke zaune a kai. Har gobe ina ganin da shi kaɗai ne da ya rufe ƙofar nan ya tafi. Amma babban ya ji. Ya zagayo da katunanmu a hannu, ya ce yara su sauka.

Da aka ɗaga katakon Goggo ta yunƙura ta zauna, jiƙe sharkaf da gumi. Ta gyara mayafinta tukuna. Yaron ne ya miƙa mata hannu ta cikin hannun rigarsa ya taimaka mata ta fito, ya buɗe robar ruwa ya ba ta.

"Iƙama, ya hajja?"

"Ma fi, ɗana. Ba ni da ita."

Na faɗi a kan kwalta ina roƙo, da Larabci, da Hausa, da duk abin da ya zo bakina. Na ce tsohuwa ce, na ce rabin yaran Mansur ita ta wanke su, na ce ga Makka can ana hango duwatsunta, ku bar ta ta ƙarasa. Babban bai yi mini tsawa ba, ya ce ya uhti, 'yar'uwata, ba a hannuna yake ba. Goggo ta dafa kaina ta ce in tashi, mutane na kallo. Ta kwance mukullin ɗakinta daga bakin zane ta sa mini a hannu. Ta ce a gaya wa Kabira ta yafe mata. Da za a sa ta a motarsu ta tsaya ta fuskanci gari, ta ɗan jima, ba wanda ya hanzarta ta.

Wada ya sha tsarewa da tara, karafan kuma ba ta dawo ba, kuma ban taɓa tambayarsa inda take ba. Goggo ta yi makonni a gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, ana cikin hidimar Hajji aka sa ta a jirgi. Wani jikan yayanta da bai taɓa ganinta ba ya karɓe ta a Kano ya kai ta ƙauye.

Ranar da aka fara haɗa ni da ita a waya na yi niyyar in lallashe ta, amma ina jin muryarta haushi ya taso mini.

"Goggo, don girman Allah me ya sa kika amsa? Da kin yi shiru na numfashi ɗaya da yanzu kina ɗakinki!"

Ta amsa mini a natse.

"Sau biyu yaron nan ya yi sallama, Hafsatu. Na jira ku a ta farko."

Sannan ta tambayi ƙafar Ikhlas, ta tambayi ko Kabira ta sauka. A ƙarshe ta ce akwai jakar leda a ƙarƙashin filonta, in na sami mai tahowa gida in ba shi ya kawo mata, don a can za a buƙace ta yanzu.

Na je da mukullin da rana tsaka. Na tsaya a bakin ƙofar, bakina ya yi sallama da kansa kamar kullum, har na ɗan dakata ina jira. Sannan na buɗe na shiga na ɗauko jakar.